Labaran Asalin Duniya a Ajin Kimiyya

Gabatarwa

Da wuya a sami al'ummar da ba ta tambayi kanta yadda duniya ta faro ba, kuma kowace ta ba da amsa cikin labarin da ta gada kaka da kakanni. Malamai da dama suna gudun kawo irin waɗannan labarai cikin aji, don tsoron kada su gurɓata aƙidar yara. Alhali kuwa, in an san hanyar bi da su, suna taimaka wa ɗalibi ya fahimci abin da ake kira kimiyya.

Misalai Uku

Yarabawa sun ce da fari ruwa ne ya mamaye ko'ina. Sai Olodumare ya sauko da Oduduwa ta kan sarƙa, yana ɗauke da kaza da ƙasa cikin kwanson dodon koɗi. Ya zuba ƙasar, kazar ta baza ta, tudu ya samu a Ile-Ife. Fulanin Mali kuwa sun ce daga wani babban ɗigon madara komai ya faro. Labarin Babilawa, wato Enuma Elish, an rubuta shi a alluna 7 na yumɓu, an kuma tono shi a Nineba cikin 1849. A ciki, Marduk ya tsaga gawar Tiamat, uwar teku, ya yi sama da rabi, ƙasa da rabi.

Abin lura shi ne, kowace al'umma da abin da ta sani ta gina labarinta. Makiyayi ya fara da madara, mazaunin tsakanin kogunan Dajla da Furat ya fara da ruwa.

Inda Kimiyya ta Bambanta

Labari ana karɓarsa ne daga magabata, amma zancen kimiyya sai an gwada shi. An daɗe ana ɗauka cewa tsutsa da kanta take fitowa daga ruɓaɓɓen nama. A 1668 Francesco Redi na Italiya ya sa nama cikin kwalabe, ya bar wasu a buɗe, ya rufe wasu da ƙyalle mai shara-shara. Naman da ƙuda ya sauka a kai ya yi ƙwai, shi kaɗai ya yi tsutsa. Ɗalibai na iya maimaita wannan gwaji da kwalba biyu, da tsokar nama, da guntun gidan sauro. Haka kuma, a 1956 Clair Patterson ya auna darma cikin duwatsun da suka faɗo daga sararin samaniya, ya ƙiyasta shekarun duniya sun kai miliyan 4,550.

Kammalawa

Wajibi ne malami ya bayyana tun farko cewa tarihin tunanin ɗan Adam ake nazari, ba aƙida ake koyarwa ba. Kada ya bari a yi wa labarin wata ƙabila dariya, domin mai yiwuwa ɗanta na zaune cikin ajin. Daga ƙarshe, ya saba wa ɗalibai da tambaya guda a kan kowane bayani: ta wace hanya za a gwada wannan?