Darasi: Ƙarfin Janyowa da Tafiyar Wata



Ya ƴan'uwa Musulmi, duk shekara mukan ji gardama kan tsayuwar wata a masallatanmu na Madawa da Buza da Keita. Saboda haka muka ga ya dace mu san abin da ke tafiyar da watan kansa.

Allah Ya sanya wa kowane jiki ƙarfin janyo ɗan'uwansa. Shi ke mayar da guga cikin rijiya in igiya ta kuɓuce, shi ke gangaro da ruwan sama daga duwatsun Adar zuwa kwarin Majiya. Shi kuma ke riƙe da wata kewaye da duniya. Baturen Ingila Isaac Newton ya rubuta lissafinsa a 1687, ya nuna ya rataya kan abu biyu.

Na farko, yawan abin da jiki ya ƙunsa. In ya ninka, janyowa ta ninka. Duniya ta fi wata ƙunshi wajen sau 81, shi ya sa wata ke kewaya ta. Buhun albasar da ke gagarar ƙato a kasuwar Madawa, da za a kai shi bisa wata, kashi ɗaya cikin shida na nauyinsa kawai za a ji.

Na biyu, nisa. In tazara ta ninka sau biyu, janyowa ta koma rubu'i; in sau uku, ta koma ɗaya bisa tara.

To, hanyar wata ba da'ira ce cikakkiya ba. Wani lokaci yakan kusato zuwa wajen kilomita 363.000, wani lokaci ya nisanta zuwa wajen 405.000. In ya kusato, janyowa ta ƙaru, sai ya yi sauri. In ya nisanta, sai ya sassauta. Wannan yana cikin dalilan da jinjirin wata kan bayyana da wuri a wani watan, ya jinkirta a wani. Matsakaicin wata kwana 29 da rabi ne, don haka yake zuwa 29 ko 30, kamar yadda shari'a ta koyar.

Ibadarmu ta rataya ga ganin wata da shaidar adilai, ko cika talatin. Amma lissafi mataimaki ne: yana gaya mana daren da ya kamata a duba, yana kuma taimakon malamai wajen tantance shaida. Kada mu kafirta mai lissafi, kada kuma mai lissafi ya raina shari'a. Mu bar yaranmu na madarasa da lakwal su koyi wannan ilmi, domin sanin ma'aunin halitta ƙarin tsoron Mahalicci ne.

Allah Ya haɗa kanmu a kan gaskiya. Allah ne Mafi sani.