Yaushin Tumatir da Rundunar da Ke Cikin Ƙasa

Manoman rani na Kadawa da sauran fadamun ƙasar Hausa sun san wannan musiba sarai: mutum ya yi renon tumatir, iri ya tsiro gwanin sha'awa, sai a wayi gari tsirran sun kwanta, gindinsu ya sirance ya ruɓe, ko kuwa bayan dashe, shuka ta kai ga fure, sai ganyen ƙasa ya soma rawaya ta gefe guda, ta riƙa yaushi da rana tana farfaɗowa da dare, har ranar da za ta bushe ɗungum. Galibi sababin haka wasu ire-iren fumfuna ne mazauna cikin ƙasa, irin su Rhizoctonia mai kashe reno, da Fusarium wadda ke shiga ta saiwa ta toshe hanyoyin da ruwa ke hawa cikin kara, kuma takan yi shekaru a gona ko da an daina shuka tumatir. Don haka feshin da ake yi wa ganye bayan ciwo ya bayyana hasarar dukiya ce, domin cutar tana can inda magani ba ya isa.

Daga cikin hikimar Ubangiji, ƙasar nan da ke ɓoye cutar ita ce kuma ke ɗauke da abokan gabarta, wato ƙwayoyin bakteriya masu amfani waɗanda ido ba ya gani. Ƙamshin da ke tashi idan ruwan farko ya sauka aikin wani jinsinsu ne mai suna Streptomyces, wanda daga gare shi ne masana a Amurka suka samo maganin tarin fuka a shekarar 1943. Waɗanda suka fi shafar manomi su ne Bacillus subtilis da Pseudomonas, waɗanda ke yi wa saiwa ƙawanya kamar dogarai a ƙofar fada, su cinye abincin da take tsattsafowa kafin fumfuna ta samu, su fitar da sinadaran da ke fasa jikinta, sa'an nan su zaburar da garkuwar shukar kanta. A ganina Bacillus ya fi dacewa da ƙasarmu, saboda yakan dunƙule ya jure zafi da fari, shi ya sa ake iya sayar da shi a gari ko a ruwa, kamar samfurin nan Serenade.

Amma kafin komai a tabbatar da ciwon. A yanke karan shukar da ta yi yaushi: in an ga zane ruwan ƙasa a ciki, alamar Fusarium ce, in kuwa an tsoma shi cikin ruwa mai tsabta aka ga wani farin abu yana zarara, to wannan wata cuta ce dabam, sai a nemi malamin gona.

Sharaɗin amfanin bakteriyan nan masu kare saiwa shi ne su riga cutar isa ga saiwa, gama ba su tayar da shukar da ta riga ta kamu, kuma rage ɓarna suke yi, ba kawar da ita baki ɗaya ba. Sai a cuɗanya iri da su kafin shuka, a tsoma saiwar dashe cikin ruwansu da la'asar sakaliya, kada kuma a haɗa su da maganin feshi mai jan ƙarfe, wanda zai iya hallaka su. Tun da yake masu rai ne, suna bukatar abinci, wato taki wanda ya ruɓe sosai. A kuma guji cika reno da ruwa har ya kwanta. Shukar da ta kamu a tuge ta a ƙone a wajen gona, a hutar da wurin da masara ko albasa, ba barkono ko gauta ba, domin su dangin tumatir ne.

Ya ɗan'uwa manomi, in za ka sayi samfurin waɗannan bakteriya, duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, ka ajiye shi a inuwa, ka fara jarrabawa a kan gadon reno guda kafin ka game gonarka da shi.