Darasi: Kyautar Da Ke Tafe Da Ciniki

Jama'a, a Amurka akwai kamfanonin da ke ba mutum kwana biyu ko uku a otal kyauta. Sharaɗin shi ne ya zauna ya saurari talla. So suke ya sayi rabo a gidan hutu, na mako ɗaya a shekara. Wanda ya saya, kowace shekara sai ya biya kuɗin gyara. Sayar da rabon kuwa da wuya.

Mu ma mu kula. Ranar Alhamis a kasuwar Maigatari, bayan ka sayar da sa, wani zai iya ce maka: "Sayi fili, ka samu kujerar Umara kyauta." Kuɗin kujerar yana cikin kuɗin filin.

Ga abin yi:

1. Kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a ranar.
2. Karanta takardar tare da malamin ajinku.
3. Je ka ga filin, ka tambayi dagaci.
4. Bincika ko kamfanin yana da lasisin Hukumar Alhazai ta Ƙasa.

Mutanen Gumel, Gagarawa da Sule Tankarkar, a tuna: kwaɗayi mabuɗin wahala.