Na Sauya Takardar Yajina, Ciniki Ya Ja Baya

Ni matar aure ce a Jangeru. Ina daka yajin ƙuli, in ƙulla a farar leda da 'yar jar takarda a ciki. Ƙanena ke kai mini kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, masu tireda daga Zurmi da Ƙauran Namoda ma suna sara. Bayan ƙaramar Sallah ɗana ya bugo mini sabuwar takarda shuɗiya a Gusau, har da lambar waya. Tun daga nan kaya ke kwantai. Wata ma aikowa ta yi wai na rage citta, alhali wallahi ko cokali ban rage ba. Hannu aka sa mini, ko me?

Maman yara, Jangeru

Ki kwantar da hankalinki, takardar ce. Mai sayen yajinki tana cikin gida, yaro take aika, ta ce, "Sayo mai jar takarda." Ya je ya tarar da shuɗi, ya ɗauko na wata. Manya ma sun taɓa faɗawa wannan rami: a 2011 kamfanin Coca-Cola ya fitar da farin gwangwani a Amurka, mutane suka riƙa ɗaukarsa marar sukari ne, wasu har suka ce ɗanɗanon ya canja. Dole aka dawo da ja.

Mai zancen citta ma ban ga laifinta ba, don ido na riga harshe ɗanɗana abinci. Ja da ruwan ɗorawa zafi da miya suke tuna wa mutum. Dubi takardar Maggi. Shuɗi kuwa mun saba ganinsa a gwangwanin Peak da ledar ruwa, kayan sanyi ke nan. Yaji a shuɗiyar takarda, tun kafin a lasa an yanke masa hukuncin lami.

Ki koma ja, irin na da sak. Ɗanki ya kyauta da ya sa lambar waya, a bar ta, amma da baƙin rubutu manya-manya a kan fari. Kada a ɗora kore kan ja, akwai mazan da idonsu ba ya rabe su sosai. A rage girman takardar yadda yajin zai fito ta leda. Kuma rana na saurin kashe jan launi, kaya su yi kamar sun kwana biyu, don haka ƙanenki ya nemi inuwa, ya riƙa fito da su kaɗan-kaɗan.

Sauran shuɗayen kada ki zubar. Alhamis mai zuwa a jera iri biyun a faranti ɗaya, a ga wanda zai fara ƙarewa. Allah ya kawo kasuwa.