Falajil ba ya ɗinke hanjin da ya huje

Jama'ar Jere, Kagarko har zuwa Kafanchan, ga magana daga wanda aikinsa buɗe ciki ne a ɗakin tiyata. Yawancin waɗanda ake kawo mana cikin gaggawa, ko dai taifot ce ta huda musu hanji, galibi a mako na biyu zuwa na uku na zazzaɓin, ko afendis ya fashe, ko gwaiwa ta maƙale hanji ya ruɓe, ko kuma hatsari a hanyar Abuja zuwa Kaduna ya yaga cikin. Kusan kullum 'yan uwa sai su ce: "Likita, ai mun ba shi falajil kwana huɗu."

A cikin babban hanjin kowa akwai ƙwayoyin cuta da ba sa rayuwa inda iskar oksijin take, kuma sun ninka sauran sau ɗaruruwa. Muddin suna cikin hanji, ba su da illa. Da zarar hanji ya huje, sai su malala cikin ciki tare da kashi. Wasu ƙwayoyin, irin su E. coli, sai su cinye ɗan oksijin da ke wurin, marasa son iskar kuma su samu wurin zama. Wadda ta fi ɓarna a cikin marasa son iskar ita ce Bacteroides fragilis. Su ke tara mugunya mai ɗoyin da ke cika ɗakin tiyata, daga nan cutar ta shiga jini.

Gaskiya ne falajil, wato metronidazole, yana kashe marasa son iskar. Shi ya sa muke ɗaura shi ta jijiya tun kafin a fara yanka, sannan duk bayan awa 8. Amma ba ya taɓa E. coli, don haka muke haɗa shi da wani kamar ceftriaxone. Gentamicin kuwa ba ya yi wa marasa son iska komai. Sannan babu maganin da shi kaɗai ke kawar da tarin mugunya, babu kuma wanda ke toshe rami. Sai an ƙara wa majinyaci ruwa, an buɗe cikin, an ɗinke hujin ko an yanke ruɓaɓɓen hanji, an wanke tas. Wani bincike da aka buga a 2015, wanda aka yi a Amurka da Kanada, ya nuna cewa idan aka kawar da tushen cutar da kyau, maganin kamar kwana 4 kan wadatar. Ashe ba yawan magani ba ne, saurin isowa ne.

Ku lura da waɗannan alamu: ciki ya ƙandare kamar katako, taɓawa kaɗan mutum ya yi ihu, ciki ya kumbura, ba kashi ba tusa, ga amai. Idan kun ga haka, kada a ba shi abinci, ko jiƙo, ko maganin wankin ciki. Kada a tsaya a kemis. A nufi asibitin da ake tiyata, Kagarko ko Kafanchan ko duk wanda ya fi kusa. In an ce a sa hannu a takardar yarda da tiyata, a sa. Jiran sai Alhaji ya dawo daga tafiya ya sha cin rai.

Bayan tiyata, a sayi robobin falajil cikakku yadda aka rubuta, kada a tsaya don majinyaci ya fara murmurewa. Ɗacin baki da ɗan tashin zuciya ba abin tsoro ba ne, amma banda giya ko burkutu. Idan zazzaɓi ya dawo bayan 'yan kwanaki, ko ɗinkin ya fara fitar da ruwa mai wari, ko shaƙuwa ta ƙi tsayawa, a dawo nan take.

Taifot kuwa ta ruwa da abinci marasa tsabta take shiga. A tafasa ruwan sha, a nisanta masai da rijiya, a wanke hannu da sabulu. Yaron da zazzaɓinsa ya wuce kwana uku, a kai shi gwaji tun hanjinsa yana lafiya.