Zaɓen Zakara Da Gadon Launi Ga Kaji

Zuwa ga hakimai da masu unguwa da manoma na Kajiji, da sauran ƙasar Shagari da Boɗinga.

Kowa ya san in Salla ta matso, ko kuwa wata bukata ta taso, mai gida ya kan kama zakaran da ya fi girma da kyaun gashi ya kai kasuwa, gama shi ya fi kuɗi. Ƙanƙanen da ba wanda ya taya shi a kan bar wa kaji. In shekara ta kewayo sai a ga 'yan tsaki sun fito tsaurara, launinsu barkatai, a ce wai iri ya lalace. To, iri bai lalace don kansa ba, sayad da shi aka yi. Wannan takarda za ta nuna muku dalili.

1. Masu kiwo don gashi.

A ƙasar Amurka akwai masu kiwon zakaru saboda gashin wuya da na gadon baya kaɗai. Masu kamun kifi ke saye, su naɗa shi jikin ƙugiya shi yi kama da ƙwaro, kifi shi gani shi kai cafka. Wani mutum, Henry Hoffman, ya yi shekaru yana zaɓen zakaru masu zanen baƙi da fari. Cikin shekarar 1989 aka kafa gonar Whiting a jihar Kolorado, ta karɓi irinsa ta ci gaba da zaɓe, har gashin baya ya kan wuce inci 12. Mu nan ba mu san wannan ciniki ba, amma dabararsu za ta amfane mu, gama ba wani asiri gare su sai zaɓe da rubutu da haƙuri.

2. Yadda launi ke bin gado.

Kowane ɗan tsako rabin gadonsa na uba ne, rabi na uwa. Wani gado ya fi wani ƙarfi, ya kan rufe shi. Wanda aka rufe bai ɓace ba, ɓuya ya yi, ya kan fito ga jikoki. Gregor Mendel ya bayyana wannan ga tsire-tsire cikin 1866, sa'an nan William Bateson na Ingila ya nuna haka yake ga kaji cikin 1902. Saboda haka in farar kaza ta ƙyanƙyashe baƙin tsako, ba lalle ne zakaran maƙwabci ya ƙetaro ba, watakila launin kaka ne ya komo.

3. Zanen baƙi da fari.

Ku duba cikin kajinku wake-wake, ku ware wadda kowane gashinta ke da layi baƙi da layi fari a gicciye, ba ɗige-ɗige ba. Wannan gado uwa ba ta ba 'ya'yanta mata, sai maza. In kun haɗa ta da baƙin zakara marar zane, tsakin da suka fito da farin tabo a ka zakaru ne, baƙaƙe marasa tabo kuwa mata ne. Watau tun ran ƙyanƙyasa kun san na kiwo da na sayarwa. Amma in zakaran ne mai zane, kuma ya gaje shi ga uwa da uba duka, 'ya'yansa maza da mata duk za su yi zane.

4. Mai sanƙon wuya da shazumama.

Sanƙon wuya da murɗaɗɗen gashi na shazumama gado ne mai ƙarfi. Zakaran da ya gaji sanƙon wuya ta gefe ɗaya, wajen rabin 'ya'yansa za su fito haka. Irin waɗannan sun fi jimrin zafin bazara, don haka kada ku rena su. Amma mai neman zakaru masu cikakken gashin wuya shi raba su da garkensa.

5. Abin da za ku yi.

Na fari, ku bar zakara shi kai wata 6 ko fi, gashinsa na girma shi gama fitowa, kana ku zaɓa. Ku lanƙwasa gashin wuyansa ɗaya: in yana ƙyalli, zarensa kuma ya miƙe tsaye da ƙarfi, mai kyau ne. Amma kada launi shi ruɗe ku, ku duba faɗin ƙirji da lafiya tukuna.

Na biyu, zakara ɗaya ya isa kaza 10.

Na uku, ku tsare kazar daga sauran zakaru mako 3 kafin ku tara ƙwan kwanci, gama barbarar zakaran dā ta kan yi mako 2 ko fi tana aiki cikinta. Kwanci kwana 21 ne.

Na huɗu, kada zakara shi daɗe bisa 'ya'yansa mata, gama haka na rage ƙyanƙyasa da ƙarfin tsaki. Ku yi musanya da mutumin wani ƙauye.

Na biyar, ku rubuta launin uwa da na uba da na tsaki. Abin da aka rubuta ba a gardamarsa baɗi.

Muna roƙon hakimai su sa a karanta wa jama'a wannan takarda, a kuma faɗa wa mata cikin gida, gama yawancin kaji a hannunsu suke. In bukata ta matsa, a sayad da zakara na biyu, a bar na fari. Barewa ba ta gudu ɗanta shi yi rarrafe. Allah shi sa albarka ga kiwonku, amin.