Darasin Lafiya: Ciwon Kafaɗa da Yadda Ake Motsa Ta

Tun shekarar 1934 ake yin bikin kamun kifi na Argungu. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin Matan Fada ya ga yadda masunci yake aiki da homa. Yakan kafa ƙafa, ya murɗa ƙugu, sannan hannu ya ɗaga. Haka mai huɗa a fadamar shinkafa yake yi. Haka ma mace mai daka. Ƙarfin yana tasowa ne daga ƙafa, ya bi ta ƙugu da baya, ya fita ta kafaɗa.

Wani likita a Amurka, Ben Kibler, ya auna wannan a jikin 'yan wasan tanis a 1995. Ya gano cewa kusan rabin ƙarfin bugun ƙwallo daga ƙafa da ƙugu da gangar jiki yake fitowa. To, idan waɗannan suka yi rauni, wa zai ɗauki nauyin? Kafaɗa ce. Ga shi kuwa gaɓa ce mai laulayi. Ramin da kan ƙashin dantse yake zaune a ciki ba shi da zurfi. Wasu tsokoki guda 4 ne suke riƙe da shi.

Idan kafaɗa ta yi ciwo, masu aikin gashi a asibiti suna da hanya biyu.

Ta farko ita ce a motsa kafaɗar ita kaɗai. Mutum ya sunkuya, ya dafa turmi da hannu mai lafiya, ya saki mai ciwon yana lilo a hankali. Ko ya fuskanci bango, yatsunsa su riƙa hawa sama kaɗan-kaɗan. In zafi ya ragu, sai a ɗaura robar tayar keke a jikin dirka. A manne gwiwar hannu a haƙarƙari, a ja robar zuwa waje sau 10, a huta, a sake. Wannan ya dace da makonnin farko.

Amma mutane da yawa a nan suke tsayawa. Da zarar zafi ya lafa sai su koma gona ko gulbi. Kwana kaɗan ciwo ya dawo, a ce maganin ne bai ci ba. Alhali kafaɗar ta koyi aiki ne a zaune, ba ta koyi aiki tare da sauran jiki ba. Kuma zaman jinya ya rage wa ƙafa da baya ƙarfi.

Shi ya sa ake bin hanya ta biyu, wato a haɗa da dukkan jiki. Mutum ya tashi daga kan kujera ba tare da dafa komai ba. Ya tsaya da ƙafa ɗaya na ɗan lokaci. Ya taka gaba yana miƙa hannu sama, kamar zai ɗora ƙwarya a kan danga. Daga baya sai ya kwaikwayi sana'arsa. Masunci ya fara ɗaga homa a tudu, babu ruwa babu kifi. Mai daka ta fara da sanda mara nauyi kafin taɓarya. A ƙara nauyi mako-mako. Abin yana son haƙuri, don yakan kai mako 6 zuwa 12 kafin a ga sauƙi sosai.

Ɗan tsamin jiki ba laifi ba ne. Amma zafin da ya kwana ya wuni yana nuna an yi gaggawa, sai a rage. Kada kuma a rataye hannu a wuya wata da watanni ba da umarnin likita ba, domin kafaɗa takan sandare, musamman ga mai ciwon sukari.

Wanda ya faɗi, kafaɗarsa ta goce ko ta kumbura, ko hannu ya ƙi ɗaguwa sam, ko yatsu suka mutu, wannan darasi ba nasa ba ne tukuna. A kai shi babban asibitin Argungu, ko Asibitin Tunawa da Sir Yahaya a Birnin Kebbi, a ɗauki hoton ƙashi kafin kowa ya ja hannun.